Gawayin Inna Dije

Ina tsaye a layin mata a filin firamare lokacin da Lauwali ya naɗe takardarsa ya ce sunaye sun ƙare. Na kutsa gaba na ce ya sake dubawa, Firdausi matar Mu'azu mai albasa. Ko buɗewa bai yi ba. Wai tallafin ɗarin bana na tsofaffi ne da matan da mazansu suka mutu da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ni kuwa mijina yana raye da ƙafafunsa. Lauwalin da na sani tun yana yawo ba wando, yau don an ba shi biro da takarda shi ke gaya mini wanda ɗari ya kamata ya ji a garin Wurno.

Da na juya sai ga maƙwabciyata Inna Dije, ana ɗora mata kaya a baro. Buhun gawayi cikakke har bakinsa, murhun ƙarfe sabo fil, da bargo mai kauri a cikin leda. Tana ta yi wa gwamnati addu'a da bakin nan nata da babu haƙori ko ɗaya. Na yi mata barka, amma Allah ya sani iyakarta leɓe.

A hanya ina biye da baron ina ƙuna. Ita kaɗai ce a gidanta, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ma ta bi shi, jikar da ta rage mata, Mashkura, tana aure a Rara. Mu kuwa mu takwas ne a ɗaki biyu. Tun da 'yan bindiga suka hana shiga daji icce ya zama abin nema ido rufe, da karan gero da kashin shanu nake dahuwa, in an samu buntun shinkafa a haɗa. A ce mutum ɗaya da buhu guda, mu takwas da hayaƙi? Ko tuwon dare ban iya ci ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da ita. Shekara goma sha ɗaya, duk lokacin ɗari, da an idar da sallar asuba za ta shigo da sakainarta ɗibar wuta. Ba ta ɗiba ta wuce. Sai ta zauna bakin murhuna ta gasa gwiwoyinta, in zuba mata kunu ta sha, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa, sannan ta kwashi garwashi ta kai kaskon da ke gefen gadonta. Ɗumin da take samu ke nan duk yini, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba.

Washegarin rabon, ina durƙushe ina hura kashin shanu idona na zubar da ruwa, sai na ji sallamarta. Inna Dije ce, da sakainarta a hannu kamar kullum.

Na ce, "Inna, wuta kuma? Ke da gwamnati tab ba buhu guda? Ai mu ya kamata mu taho ɗiba wurinki yanzu."

Da dariya na faɗa, amma ni da ita duk mun san ba wasa ba ne. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi murhun. Ta ce, "Gaskiyarki, ɗiyata." Ta sa sakainar cikin mayafi ta juya. Kunun da na riga na zuba mata nan ya huce.

Ba ta sake zuwa ba. Ni kuwa maimakon in ji kunya sai na shiga gadin katanga. Kowace safiya ina leƙen saman gidanta, babu hayaƙi ko kaɗan. To ai gawayi ba ya hayaƙi, in ji ni. Ina nan ina tari ina sharar hawaye, tsohuwa tana can ta naɗe cikin bargo ta miƙe ƙafa gaban murhun ƙarfe. Duk ranar da na ga saman gidan nan tas sai raina ya ƙara ɓaci. Har na gaya wa matan da muke haɗuwa a famfo cewa Inna Dije ta zama Hajiya, ta daina shiga gidan talakawa. Suka yi dariya, na ji daɗi.

A rana ta huɗu muka fara jin tarinta ta bayan katanga. Mu'azu zai tafi fadama ya ce in leƙa ta. Na ce ɗumi ne ya yi mata yawa, jikin bai saba ba. Ya dube ni, ya saɓi fartanyarsa ya fita. Rana ta biyar tarin ya ƙaru. Rana ta shida da hantsi na lura ban ji shi ba tun safe, kuma ban ji ƙarar butarta ba. Na yafa mayafi na zaga. Ba zan yi ƙarya ba, ko a lokacin rabin zuciyata so take ta ga yadda bargon nan yake in an shimfiɗa shi.

Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Kaskon gefen gado babu ko toka mai ɗumi. Tana kwance ta dunƙule, ta rufa da tsohon zane biyu da buhun taki da aka farke. A kusurwa ga buhun gawayi a tsaye, ɗinkin bakinsa ko zare ɗaya ba a cire ba. Murhun yana kai, fentinsa bai san wuta ba, bargon kuma yana cikin ledarsa.

Na taɓa goshinta, zafi rau. Na ce, "Inna, mi na haka? Ga gawayi, ga bargo, kina kwance cikin ɗari?"

Sai da ta huta kafin ta iya magana. "Na Mashkura na. Watan ga za ta haihu, cikin fari, nan za ta taho wanka. Kwana arba'in, ruwan zahi sahe da marece. Da mi zan dahwa mata? Wa ka shiga daji yanzu?"

Na san wannan. Ni ma da na yi haihuwar fari gida na koma, uwata ta tara icce tun cikin yana wata biyar, don duk maijegon da ba ta samu ruwan zafi ba an ce sanyi ya shige ta ke nan har tsufa. Mashkura ba ta da uwa. Na san tana da ciki, a bakin murhuna Inna Dije ta gaya mini. Amma kwana shida ina kallon saman gidan nan ban taɓa haɗa abin ba.

Na jawo bargon zan yage ledar. Ta kama mini wuyan hannu, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Kak ki buɗe."

Na bar shi. Na ruga gida na kwaso duk garwashin da ke murhuna da zanen rufata, na aika fadama aka kira Mu'azu. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likitoci suka ce sanyi ya kama mata haƙarƙari, kuma an makara. Suka yi mata allurai, suka so su riƙe ta, ta ce ita a mai da ta ɗakinta, kada a shiga a ɗauke kayan yarinya. Muka dawo da ita. Mu'azu ya yi waya Rara ya ce a kawo Mashkura in hanya ta yi kyau.

Kwana biyu ina jinyarta. Kaskon nan bai sake mutuwa ba, na cika ɗakin da ɗumi har ni kaina ina gumi, amma ita rawar ɗari take. Ranar Laraba da la'asar na durƙusa na ce ta yafe mini maganar da na gaya mata. Ta ce mi na yi mata. Na ce na hana ta wuta. Ta ce ai ban hana ta ba, ita ce ba ta komo ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Daga nan ta ce in kula da buhun, kuma in yarinya ta haihu kada in bari a riƙa sirka mata ruwa da yawa.

Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Ina riƙe da kofin kunu ina jiran ta buɗe baki, sai na ga ba za ta buɗe ba.

Mata suka cika gidan. Gwaggo Surayya, mai yi wa matan unguwarmu wankan gawa, ta ce da ɗarin nan sai an ɗumama ruwa. Ta nuna buhun ta ce a farke, ai kayan mamaciyar ne, wa ya fi ta cancanta. Wata har ta ɗauko wuƙa. Na tsaya gaban buhun na ce babu mai taɓa shi. Na ga suna kallon juna, cikinsu har da waɗanda na ba dariya a famfo, na san abin da suke tunani, cewa Firdausi ta samu abin da take so.

Na koma gida. Kara ya ƙare, kashin shanu kuma ba zan dafa mata ruwan ƙarshe da shi ba. Na girgiza ginshiƙin rumfar da nake girki a ƙarƙashinta har ya fito, rumfar ta karkace gefe guda. Na faskara shi da gatarin Mu'azu na hura wuta, na ɗora babbar tukunyata.

Ina shigowa da bokiti na tarar Mashkura ta iso. Ta yi kukanta har ta gaji, cikin ya yi mata nauyi, ɗakin kuma babu wurin zama, sai ta zame ƙasa a kusurwa ta jingina bayanta da buhun. Baƙin gawayi ya ɗan shafi hijabinta, ba ta ma lura ba. Na wuce ta na ajiye bokitin a bayan labule. Na tsoma hannu na ji ya yi zafi da yawa ga fatar tsohuwa, na ƙara moɗa ɗaya na ruwan randa, na sake tsomawa.