Damin Ciyawar Malam Auta

"Kai yaro, ga mutum! Ga mutum!"

Kafin 'Yar'azumi ta rufe baki, Yunusa direba ya taka mai. Motar ta faɗa babban titi, aka ji ƙara kamar an take gwangwani, ciyawa ta rufe gilashin gaba.

Daga Guri suka taso, tana zaune kusa da direba, kwandunan bandar kifinta suna cikin but a bayan motar. Suna isowa mahaɗar shiga Haɗeja ta hango mai keke yana tahowa ta gefen titi, da damin ciyawa a bayansa ya kusa kai rumbu. Ta ma gane shi, Malam Auta ne, wanda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa. Ta ga Yunusa ya juya kai, idonsa tar a kan mutumin. Ashe ba shi yake kallo ba. Wata tirela ce ke tafe can baya, ita yake so ya riga hawa titi.

Da suka fito, gaban motarsa ya fara zagayawa. Ya shafa fitilar da ta fashe, ya ja tsaki, sannan ya waiwayo.

"Wai daga ina ya ɓullo?"

"Daga rijiya," in ji 'Yar'azumi. "Zo ka kama mini shi, marar ta ido."

A asibiti aka ce haƙarƙari ya karye, kuma akwai ciwo a ciki, a wuce da shi Kano. Malam Auta ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Mutum ne da ba ya musu da kowa, amma ranar nan ya kafe, dole matarsa Bara'atu ta haƙura.

Kullum da hantsi 'Yar'azumi takan kai masa kunu. Ba ya iya sha, sai dai ya jiƙa leɓe. Ran nan ya yafuto ta da hannu.

"Maƙwabciya, ke da kike cikin motar, ya gan ni, ko?"

"Ya kalle ka dai, Malam."

"Shi ya sa ban tsaya ba. Na ga mun haɗa ido. Har hannu na ɗaga masa, na ɗauka hanya ya ba ni."

Ta kawar da kai, ta shiga gyara murfin kwano.

Tana fitowa ta tarar da baƙi a soro. Alhaji Bala ne, wani babba a tasha, ya zo da Yunusa neman afuwa. Sun baje a tabarma, Usaini wan Malam Auta yana sauraro, kansa a ƙasa.

"Masu keken nan sai haƙuri," Alhaji Bala yake cewa, yana jan carbi. "Ba fitila, ba ƙararrawa, sai dai ka ga mutum a gabanka. Yaron nan ya rantse mini ya duba, babu komai a hanya."

Fitila, da rana tsaka. 'Yar'azumi ta tsaya da kwanonta a hannu, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Yunusa ya sha sabon aski, har da turare.

"Babu komai, Alhaji? Ka dai ce babu abin da zai iya murƙushe shi. Ina zaune a gefensa. Tirela tana can nesa ya gan ta, mutum da dami a ƙofar hancinsa bai gani ba. Idonku abin da kuke tsoro kaɗai yake gani. Da saniya ce ma da ya taka birki, don kada ta lotsa masa mota."

"Inna, wallahi ni..." Yunusa ya fara.

"Ban haife ka ba."

Alhaji Bala ya yi murmushi, ya mayar da carbi aljihu. "Hajiya, a riƙa sassautawa. Kar ki manta motocinmu kike shiga."

"Kifina banda ne, Alhaji. Ba ya ruɓewa."

Daga ciki Bara'atu ta aiko, wai Malam ya ce direban ya shigo. Yunusa ya tsuguna a bakin ƙofa, yana kallon ƙasa, yana kallon rufi, ko'ina ban da gadon.

"Na yafe maka, ɗan nan," Malam Auta ya ce, numfashi na sarƙe shi. "Allah ya kiyaye gaba."

Yunusa ya sauke ajiyar zuciya ya miƙe. Ba a jima ba aka jiyo shi a waje yana danna wa yaran unguwa ham su ba shi hanya.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Auta ya cika. Jama'a ta taru sosai, yawancinsu mutanen fadama, kekunansu jingine a jikin katanga har ƙarshen lungu. Daga tasha aka aiko da gaisuwa.

Bayan addu'ar bakwai 'Yar'azumi ta ɗauki kwandunanta ta nufi tasha. Motar farko aka ce ta cika, alhali mutum biyu ne a ciki. Ta biyu aka ce ba wurin kaya. Yunusa yana kan benci yana cin rake, ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ta tofar da yawu, ta ɗora kwandunan a ka, ta juyo gida da ƙafa.

Ta leƙa wajen Bara'atu, ta same ta ta wanke kayan mamacin za a rabar. 'Yar'azumi ta ajiye kaya, ta kama mata shanya. Wandunan Malam Auta suka jeru a kan igiya suna ɗigar ruwa, kowanne bakin ƙafarsa ta dama baƙi ƙirin da man sarƙar keke, sabulu bai fitar ba.