Iskar da Ba Ta da Sunan Gida

…kuma a ce yau darasin nan ya faɗo. Yau, Yaya. Ba ni na zaɓa ba, tun farkon zango aka tsara shi: yadda ake raɗa wa sinadaran da ba ƙarfe ba suna idan sun haɗu. Umma ce ta koro ni daga asibiti, wai tsayuwata a kanka ba ita za ta buɗe maka ido ba, in tafi wurin 'ya'yan mutane. To ga ni. Alli a hannu, waya a kife kan tebur. Matarka ta ce da likita ya fito za ta kira.

Kabon a gaba, oksijin a baya. Na bayan shi ke sauya wutsiya, ya koma oksaid. Sai a ƙirga ƙwayoyin kowanne: mono ɗaya, dai biyu, tirai uku, tetira huɗu… Na gaba in shi kaɗai ne ba a ce masa mono. Babba ba a ƙirga shi, an san yana nan. Haka nake gaya musu kullum, su yi dariya. Yau ban faɗa ba.

Dainaitirojin tetiroksaid. Ka tuna? Ina haddace shi a shagonka, ka ɗauke ƙafa daga keken ɗinki ka ce wannan suna ne ko zagi. Wai wanda ya raɗa shi ba ya son a kira mai sunan cin abinci. Na ce ai awo ne, naitirojin biyu, oksijin huɗu, wanda ya ji sunan kamar ya ga abin. Ka zare tef daga wuya, ka ce ashe Auta ma tela ce, ita dai masu kayanta ba sa dawowa su ce hammata ta matse.

Ɗalibai na kwafa. Kawuna a sunkuye, fanka na juyi da ƙyar.

Kabon dayoksaid — kabon ɗaya, oksijin biyu. Ga shi nan yana fita daga hancin kowace yarinya a ajin nan, ya bi ta taga, bishiyar da ke bayan aji ta karɓe shi ta mai da shi ganye, ta mai da shi itace. Teburin nan da na dafa… numfashin wa ne a da? Ikon Allah. Sai na sa yatsa na goge biyun nan ƙarama da na rubuta a ƙasan oksijin a allo. Shi ke nan abin da na yi. 'Yar farar ƙura a yatsa. Kabon monoksaid. Uwa ɗaya uba ɗaya, ƙwaya guda ce ta ragu, amma —

Mai askin da ke jikin shagonka ya ce jiya da la'asar ruwa ya tsuge, ka jawo janareta ciki, ka tura ƙofa don kada feshi ya taɓa farin yadin mutane. Ya leƙo ya yi maka magana, ka ce sabo ne dal, ba ya hayaƙi, ya shinshina ya ji. Kai da kake gane yadi da hanci, kake gane ƙugun mutum da ido tun daga bakin ƙofa. Idonka da hancinka ba su taɓa yi maka ƙarya ba, yaya za a yi ka ƙi yarda da su? Da ruwa ya ɗauke ya same ka kanka a kan yadin, kamar mai gyangyaɗi. Yadin kuwa fes, ko ɗigo babu.

Jini… Ni na koyar da wannan ma. Jini ya fi riƙe monoksaid ɗin da janareta ke fitarwa a kan oksijin fiye da sau ɗari biyu. Jininka da kansa ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya bar mai gida a waje. Leɓɓanka jajur. Umma ta ce ai ga shi da kyan gani, Alhamdu lillahi. Likita ya kalli takalminsa.

“Malama, to ruwa fa? Me ya sa ba ma ce masa daihaidirojin monoksaid?”

Ta layin gaba ce, mai tabarau. Ajin ya ɗauki dariya, wata daga baya na cewa ta je ta faɗa wa mai ruwan unguwarsu haka ta ga ko zai tsaya. Na ji bakina yana amsawa: ruwa ya riga dokar zuwa duniya. Abin da mutane suka sha, suka yi wanka da shi, sun daɗe da ba shi sunan gida. Amoniya ma haka, wanda ya taɓa shaƙarta ba ya neman ƙirga kafin ya gane ta.

Sunan gida. Shi monoksaid fa? Hayaƙi muke ce masa, kuma ba hayaƙi ba ne. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ba wata kaka da ta taɓa ganinsa balle ta yi masa laƙabi ta ja wa jikoki kunne. Sunansa ɗaya a duniya, shi ma lissafi ne. Wasu bayin Allah suka zauna suka ƙirga abin da ido bai taɓa gani ba, suka ce ɗaya ne, ba biyu ba, kuma ya fito daidai… Ta yaya? Shekara da shekaru ina rubuta shi a allo, sai yau tsikar jikina ta tashi.

Tulun iskar da aka jona maka a asibiti, oksijin zalla. Ƙwaya biyu iri ɗaya riƙe da juna. Likita ya ce a hankali zai ture baƙon. Ƙwaƙwalwa kuwa, ya ce sai ka farka za a sani. In ka farka, zare zai shiga allura? Za ka ce Auta?

Tebur na rawa. Wayar ce.

Duk sun ɗago. Mai tabarau ta kalle ni, ta kalli wayar. Allo cike da sunaye, kowanne daidai, kowanne ya faɗi abin da ke cikinsa, babu ko ɗaya da zan kira ka da shi ka amsa. Ina riƙe da numfashi, ashe. Tun yaushe? Sake shi mana, bishiya na jira… Allin ya karye a hannuna, wayar na ci gaba da rawa, yatsan nan mai farar ƙura ya ƙi miƙewa ya ɗaga ta…