Ki Ƙara Mini Nawa

Tun da aka sallamo Kafinta daga asibiti da ɗinki a ƙirji, gidansa ya koma gidan raɗa. Matarsa ta hana shi ɗaga ko guduma, abokin aikinsa ya karɓe zarto, shi kuwa aka ajiye shi a kujera bakin shago kamar kayan da mai su ya manta da su. Duk wannan ya haƙura. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne halin da 'yarsa Auta ta shiga. Yarinyar da a da ba ta wuce shi sai ta ja masa furfura ta kira shi tsoho, yanzu sai ta gaishe shi a ladabce, ta tsaya tana kallon yadda yake numfashi. Ya fi son tsiwarta sau dubu, kuma ya rasa ta inda zai dawo da ita.

Wata rana da la'asar ta shigo shagon daga makaranta, fuska a murtuke. Ta share garin katako daga kan teburin aiki ta zauna. Malamar lissafi ta dawo mata da aikinta, ta ce ta sake.

"Wane iri ne?" ya tambaye ta.

"Na shekaru ne, Baba. Na wa da ƙani duk na ci. Wannan ɗayan ne ya ƙi."

Shi dai rabonsa da aji tun kafin ya yi gemu, kuma bai taɓa shiri da lissafin da ake cusa wa haruffa ba. Amma yau magana yake nema, ko ta mece ce. Ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya tura mata guntun katako, ya ce ta rubuta da manyan baƙi don ya bar tabarau a gida.

Ta karanta masa: wani uba ne, shekarunsa sun ninka na 'yarsa sau uku. Nan da shekara goma sha huɗu za su ninka nata sau biyu. Shekarun kowa nawa?

"Na 'yar ba mu san su ba, sai mu kira su x," in ji ta. "Na uban kuma 3x. Nan gaba 'yar ta zama x + 14. In aka ninka biyu, 2x + 28 ke nan."

Ta rubuta 3x = 2x + 28, ta kwashe, ta fito da amsa: 'ya ashirin da takwas, uba tamanin da huɗu.

Kafinta ya jawo katakon ya ƙura masa ido. Haruffan ba su ce masa komai ba, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita ƙafafun tebur ba ya rasa ganin inda aka ƙara wa gefe ɗaya aka bar ɗayan.

"Auta, ita 'yar kin ba ta sha huɗunta. Shi uban fa? A ina zai zauna yana jiranta?"

Ta sake duban katakon.

"A na wa da ƙani, kowa kin ƙara masa?"

Ta gyaɗa kai. Sai ga hawaye ya ɗiga a kan katakon.

"Na san ana ƙarawa," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Hannuna ne yake ƙi. Ranar da aka shiga da kai tiyata, na ji likita yana ce wa Mama ba su da tabbas."

Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan, ita kaɗai, ana ta yaba mata wai ta yi hankali. Tausayinta ya kama shi har ɗinkin ya motsa. Bayan tausayin kuma sai godiya ta cika masa ciki: ga Allah da ya tashe shi daga wancan gado, ga likitan da hannunsa bai yi rawa ba, har ga malamar da ta ƙi karɓar amsar ta ce a sake.

"Likita ya faɗi gaskiya," ya ce. "Ba shi da tabbas a kaina, ba shi da shi a kan kansa. Ke ma da kika ƙara wa 'yar, wa ya ba ki tabbas? Fata kika yi mata. To ni ma ki yi mini. Ki ƙara mini nawa."

Ta goge ido da bayan hannu. Ta daɗe riƙe da fensirin kafin ta matsa shi kusa da 3x, ta rubuta + 14. Ta kwashe a hankali. 'Ya goma sha huɗu, uba arba'in da biyu.

Ta dubi katakon, ta dube shi.

"Baba, ai mu ne."

"Mu ne. Amma ni fa amsar farko ta fi yi mini. Tamanin da huɗu kika ba ni, na kuma ce amin, ba na mayarwa."

"Tamanin da huɗu? Wa zai iya da mitarka har lokacin?"

Ta miƙa hannu ta ja masa furfurar gefen kunne, da ɗan ƙarfi ma.

"Tsoho kawai," ta ce.

Bai ce mata ta bi a hankali ba.