Tsarabar Tuttu Maniku

A tsibirinmu babu wadda ta kai Sanfa iya saƙar tabarma, amma a shekarar nan sai ta ajiye aikin. Cewa ta yi duk adon da ta gada daga kakarta ta saƙa shi har ya gundure ta. Mijinta Tuttu Maniku, ladaninmu, abin ya dame shi, don in Sanfa ba ta saƙa, shi take sa wa ido.

Wata Asabar da hantsi ruwan teku ya janye, ya fita yawo kan duwatsun murjani. Ya dawo yana murmushi, ya tarar da ita da maƙwabciyarta Kamana suna shanya kifi a bakin rairayi.

"Na yi miki tsaraba, Maman Zulfa," ya ce, yana dafa ƙugunsa inda ya naɗe abin cikin zaninsa, irin wanda mazan tsibirinmu ke ɗaurawa.

Ta leƙa. Katantanwa ce mai ruwan zuma, da fararen tsinaye jere kamar haƙoran kifi. Irin ta dodon-koɗin nan ne mai dafi, wanda harbinsa ɗaya kan kwantar da ƙato. Daga siririn bakinta kuwa wani jan tsinke na motsi.

"Malam, kada ka motsa. Mai gidan yana ciki."

"Haba, na leƙa fa, wayam take."

"Da wane idon? Tabaraunka na kan taga."

Ta kama bakin zanin a hankali, ta fizge shi gaba ɗaya ta yar. Ladan ya tsaya da ɗan guntun wando, ƙafafu kamar sandunan rake. Kamana ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Yaya Sanfa, shekara arba'in kina ɓoye mana wannan?"

Sanfa ta duba cikinsa da cinyarsa, ba ko ƙwarzane. Sai a lokacin ta zube a rairayi, tana dariya tana share hawaye. Shi ma ya kama, yana cewa a dai ba shi zaninsa kafin azahar.

Da matsefin kifi ta ɗauki dodon-koɗin ta sa a tukunyar ruwan teku. Kwana uku tana zaune gabanta da busasshiyar ciyawar saƙa, tana kallo tana ƙirga tsinayen. A na huɗu ta sa Malam ya raka ta cikin kwalekwale, suka juye shi can bayan duwatsu, inda yara ba sa zuwa.

Tabarmar da ta saƙa da adon katantanwar ta ɗauki wata biyu. Ranar da aka shimfiɗa ta, har daga tsibirin da ke kusa mata suka zo gani. Wani ɗan kasuwa daga Male, babban birnin ƙasarmu, ya nace sai an sayar masa, Sanfa ta ce ta riga ta yi mai ita.

A kanta Malam ke shan shayinsa yanzu kowace la'asar, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya ji yadda aka yi, daga bakinsa.