Yatsan Aro

Sau uku tela yana goge babban yatsansa a jikin riga kafin ya ɗora shi a kan ɗan gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa. Ofishin lauyan sanyi ƙalau, ba motsin komai sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

"Danna sosai, Baba, ba ya cizo," in ji sakatariyar.

Takardar da ke cikin kwamfutar ta gidan yayansa ce, magini, wanda aka binne makon jiya. Tela ne zai sa hannu a matsayin waliyyin marayu. In bai sa ba, gidan zai zauna a kulle a hannun kotu, matar Yaya da 'ya'yanta su nemi wajen raɓawa. Yanzu kuwa biro bai da daraja, yatsa ake so.

Na'urar yatsan ta yi ƙara. Sai ga fuskar Yaya ta cika allon, da hularsa a karkace, yana kallon tela ido cikin ido.

Matar Yaya, da ke zaune a baya, ta ja salati.

Sakatariyar ta dubi hoton, ta dubi tela. "To fa. Ta ce kai ne mai gidan."

Sai a lokacin tela ya gane. Ya tuna ranar da ya raka Yaya rajistar katin ɗan ƙasa. Siminti ya cinye zanen yatsun Yaya tas, na'ura ta yi ta ƙin karɓa, layi ya yi tsawo ana ta tsaki. Yaya ya fizgo hannunsa yana dariya. "Kawo naka, ɗan ɗinki. Yatsan da bai san wahala ba, yau ya yi aiki." Ma'aikacin yana can yana waya. Shi kuwa tela bai taɓa komawa ya yi tasa rajistar ba.

"'Yata," in ji tela, "in an shigar da rasuwarsa fa?"

"Sai a rufe yatsan. Har abada. Ko asibiti ka je da shi, mamaci za su gani." Ta gyara zama. "Amma ba a shigar ba tukuna. A nan dai mai gida yana da rai. In ya sa hannu yau ya ba 'ya'yansa gidan, ba ruwan kotu."

Ba ta kalle shi ba da ta faɗi haka.

"Ƙanena," in ji matar Yaya a hankali, "ka bari. Ba kyau."

Tela ya dubi allon. Ya rantse ɗazu bakin Yaya a rufe yake. Yanzu kamar akwai ɗan murmushi a gefe, irin wanda yake yi in zai aike shi.

Ya danna, da sunan Yaya.

Alama ta yi kore. Sakatariyar ta buɗe wani shafi, ta ɗora yatsu a kan madannai.

"Saura shafin rasuwa, Baba. Tunda an binne mutum, dole a shigar da wani. Sunan wa zan sa?"

Tela ya buɗe baki. Ya daɗe yana kallon yatsansa.