Mutumin da Ya Nemi Haya a Gidansa

Dogo yana da gidajen haya uku, amma babu ɗan haya ko ɗaya da ya san fuskarsa. Haka dillalinsa ya tsara masa tun farko. "Ranar da suka san ka, ranar za su fara kawo maka ƙarar famfo da ta ɓera," in ji shi. "Bar ni da su." Dogo ya bar shi da su.

Gida na ukun ne ya ƙi shiga. Ciki biyu ne da falo a ƙarshen wani lungu, bangon baya yana tsattsafo da damina, ƙofar ɗakin ƙurya kuma taurin kai gare ta. Duk wanda aka kawo sai ya shinshina, ya ce zai yi shawara, ba a ƙara ganinsa.

Wata safiya Dogo ya je duba fentin da aka shafe danshin da shi, sanye da tsohuwar riga da silifas, sai ga dillali ya faɗo yana haki.

"Maigida, Allah ne ya kawo ka! Wani mai gyaran agogo yana tafe. Surukina ne ke yi mini ɗan aikin nan, yau kuma haƙori ya kwantar da shi."

"Wane aiki?"

"Ka yi kamar kai ma gidan kake nema. Ka kalli silin, ka ce ya yi maka. Mutum in ya ga wani na so, jikinsa rawa yake yi."

"A gidan nawa?"

"To a gidan wa za ka fi iyawa?"

Mai agogo ya iso, ɗan siriri, tabaransa ɗaure da zare. Ya tsaya a falo ya fara shinshine-shinshen da kowa ke yi. Dillali ya ƙifta ido. Kallon silin kawai aka ce wa Dogo, amma sai bakinsa ya ɓalle. Ya ce mai gidansu ya kore su, kayansu na zube a barandar maƙwabci, matarsa kuma tana kwance ba lafiya. Har muryarsa ta yi rawa, ya kuma ji daɗin yadda ta yi. Dillalin kansa sai da ya saki baki. Mai agogo ya ja dillali gefe, ya karɓi gidan ba tare da ya nemi ragi ba, ya fita kansa a sunkuye.

Bayan 'yan makonni Dogo na tafiya a bakin titi, ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Ɗan'uwa! Tun ranar nan abin yake ci na. Na ji halin da kake ciki, amma na riga ka don son zuciya. Ka sami wuri?"

Gaskiya ta taso wa Dogo har maƙogwaro, ta koma. "Ana dai nema," ya ce.

"Mai jiki fa?"

"Da sauƙi."

Mai agogo ya ja shi gida shan shayi. Falon ya cika da agogunan da masu su suka manta da su, kowanne da lokacin da ya ga dama. Akwai wani da ba ya tafiya sai an kwantar da shi rub da ciki, wani kuma sai an yi tari a kusa da shi. Waɗanda ke bangon baya duk sun fara tsatsa.

"Mai gidan nan ban taɓa ganinsa ba," in ji mai agogo, "amma na san ƙaton tumbi gare shi. Fenti ya shafa wa ruwa, kamar ruwan zai ji kunya."

Dogo, wanda iska ma kan iya ɗauka, ya yi dariya har ta wuce misali.

Ya koma, ya sake komawa. Rabonsa da wanda zai kira shi ɗan'uwa ba don yana son wani abu a hannunsa ba, har ya manta. Ya bar agogon hannunsa a gyara, don ya sami dalilin zuwa. Matar mai agogo ta ba shi man zafi ya kai wa marar lafiya. Matar Dogo, wadda ko mura ba ta yi, ta juya kwalbar a hannu ta ce, "Ni ka kwantar? Allah ya shirye ka, baban yara."

Ya sami dillali ya ce zai faɗi gaskiya.

"Ka faɗa, ka kashe ni ke nan. Wa zai ƙara bi na duba gida? Ka sha shayinka ka yi shiru."

Ya yi shirun, shayin kuma ya daina yi masa daɗi.

Ran nan ana yayyafi, mai agogo ya rage murya. "Mun yi shawara da mai ɗakina. Ɗakin ƙurya ba abin da muke yi da shi. Ku kwaso kayanku daga barandar mutane. Amma kada dillali ya ji, balle mai tumbi." Ya danƙa masa makulli a tafin hannu. "Zo ka gani, in ƙofar ta yarda ta buɗu. Tun da ruwa ya sauka take gaba da ni."

Mai agogo ya murɗa hannun ƙofar, ya tura, ya sa kafaɗa. Ƙofa ta ƙi. Dogo bai san lokacin da ya matsa ba. Ya sa yatsan ƙafa a ƙarƙashinta ya ɗaga, ya jawo ta kaɗan, sannan ya tura. Ta buɗe salin-alin. Hannunsa ya zagaya bayan ƙofar, can ƙasa inda ba mai zaton makunni, ya kunna fitila.

Agogunan falo suka ci gaba da surutunsu.

"Ranar nan ba ka wuce falo ba," in ji mai agogo a hankali.

"Ni na sa aka kafa ƙofar," in ji Dogo.

Mai agogo ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Matarka fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Alhamdu lillahi." Har zuciyarsa ya faɗa, wannan ne kuma ya fi yi wa Dogo ciwo. Dogo ya miƙa masa makullin.

"Riƙe, ranka ya daɗe," in ji mai agogo. "Ai naka ne."

Dogo ya sa aka fasa bangon baya aka sake ginawa, aka canza ƙofa. Mai agogo bai tashi daga gidan ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. In Dogo ya biyo ta lungun, sai mai agogo ya miƙe tsaye ya gaishe shi da ladabi, ya jira har ya wuce kafin ya zauna.

Agogon hannun ta wajen dillali ya dawo, naɗe a ƙyalle mai tsabta.

"Ya ce a gode wa mai gida," in ji dillali. "Ka ga? Ɗan haya mai hankali na samo maka."

Dogo ya kara agogon a kunne. Yana tafiya daidai, babu sauran abin da za a gyara.