Maɗaci a Yatsan Malam Datti

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso, mun kasa kunne.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, mutanen jami'a suka zo Sundimina, a ƙasar Birnin Kudu, suka roƙi Malam Datti ya ba su ajiyar waƙar wa'azin da mahaifinsa ya rubuta da ajami, kada gara ta cinye. Ya ba su. To, a gidansu ba a walimar saukar karatu sai an rera waƙar nan. Ga saukar 'yarsa Kubra ta matso, ga baitocin ƙarshe sun ɓace masa ɓat. Dole ya je jami'ar ya gani.

Sai dai an gaya masa dokar ɗakin ajiya: wanda ya lashi yatsa ya buɗe takarda, waje za a yi da shi. Shi kuwa Malam, ko ganyen shayi zai ɗauka sai ya lashi yatsa.

Matarsa Inna Sabuwa ta ce, "Malam, yadda na yaye 'ya'yanka haka zan yaye ka." Ta jiƙa maɗaci ta shafe masa yatsa. Daga Birnin Kudu har birni, a mota, yana mantawa ya lasa, yana tofarwa.

Da ya isa, ma'aikacin wurin, wani mai tsare gida ana ce masa Hambali, ya karɓe goronsa da bironsa, ya ce, "Baba, doka ta farko, a wanke hannu da sabulu."

Wayyo maɗacin Sabuwa! Ya bi ruwa.

Aka kawo takardun, aka shimfiɗa. Malam na ganin rubutun mahaifinsa, yatsa ya kama hanyar baki da kansa. Hambali ya yi gyaran murya. Malam ya yi wuf ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu daram.

"Ɗana, ni ban amince da hannun nan ba. Kai ka riƙa buɗe mini."

Hambali yana buɗewa, Malam yana rerawa ƙasa-ƙasa. Waƙa ta yi daɗi, ma'aikaci ya fara kaɗa kai, har da amshi. Aka zo takardar ƙarshe, ta manne da 'yar'uwarta. Sai ga yatsan Hambali ya nufi harshe.

Malam ya yi gyaran murya.

Hambali ya tsaya da yatsa a gaban baki, ya dubi ƙofa, ya dubi tsoho. "Baba, hancina zan sosa."

"Na sani. Ni ma ɗazu shi ne ya dame ni."

A hankali Hambali ya raba takardun, baitoci suka bayyana. Malam ya yi ta maimaitawa har suka zauna masa.

Kubra ta yi saukarta, aka rera waƙa har ƙarshe. Hambali ya zo walima, ya ci tuwo ya lashe yatsunsa duka, ba wanda ya yi masa gyaran murya. Inna Sabuwa ta ce maɗacinta ne ya yi aiki, Malam bai musa ba. Takardun kuwa suna can a jami'a, gara ba ta taɓa su ba.